Amsa: gudummawar yara masu galahanga tana shiga asusun shugaba, yaya za mu yi?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce ƙungiyarku ta iyayen yara masu galahanga a Agege tana karɓar gudummawa ta asusun shugabarku na ƙashin kanta, kuma da kika nemi a karanto lissafi sai aka ce kin raina amanarta. Ba ki yi laifi ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ita shugabar ma rubutun zai fi yi wa rana, domin ranar da aka fara tsegumi, kuɗin cefanenta da na yara suna cakuɗe wuri guda, ba ta da abin wanke kanta.

Ku fara raba kuɗin da mutum. A yi wa ƙungiya rajistar amintattu, wato mutanen da za su riƙe dukiyarta da sunanta, a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Za a buga sanarwa a jaridu 2, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. In takarda ta fito sai lambar haraji, sai takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, takardar da bankuna kan nema kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Masu sa hannu su zama 3, ba a cire ko kwabo sai 2 sun sa hannu, kuma kada su fito gida ɗaya. Alat ya riƙa shiga wayar dukkansu. Tsabar kuɗin da aka tara a masallaci ko wurin biki a ƙirga shi gaban mutum 2, a yanka rasit mai lamba, a kai banki cif yadda yake. Nan ne akasari ake fara ɓata: a ce bari a cire kuɗin mota da ruwan sha tukuna, daga nan babu mai iya faɗin nawa aka tara.

Amma inda na fi so ki zuba ido shi ne inda kuɗin ke fita. Galahanga ba tiyata ba ce da za a biya sau ɗaya a huta. Koyar da magana da koyar da cin abinci, sa tufafi da shiga banɗaki aiki ne na mako-mako, wata da watanni. In kuɗinku zai ɗauki yara 8 tsawon wata 6, kada ku ɗauki 20 don a yaba muku, a wata na biyu a sallami kowa. Yaron da ya fara sabawa da malama sai a yanke, uwa ta koma gida da karyayyiyar zuciya. A biya cibiya ko ƙwararren kai tsaye ta banki, bayan an ga lasisinsa na hukumar MRTB mai ba irin waɗannan ƙwararru lasisi, kuma kowane zama uwa ko uba ya sa hannu a takardar halarta. Zama 12 aka biya, sa hannu 12 za a gani. Kuɗin mota kuma halal ne a rubuta shi cikin kashe-kashe: uwar da za ta taso daga Mile 12 zuwa sashen yara na asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba da ke Oshodi, da yaron da ke toshe kunne yana kuka saboda hayaniyar danfo, dole wani lokaci ta ɗauki shata. Wanda ya zo da maganin da wai yana warkar da galahanga ɗungurungum, kada a ba shi ko sisi daga asusun nan.

Ki tambayi nawa bikin 2 ga Afrilu, ranar wayar da kai kan galahanga ta duniya, ya ci. Wayar da kai tana da amfani, amma riguna, kanofi, hayar zaure da abinci kan lashe abin da zai riƙe yara da yawa. Tambayar mai sauƙi ce: cikin kowace naira 100 da ta shigo bana, nawa ta isa ga yaro?

Zakka a ware mata shafinta daban, don tana da masu haƙƙinta, ba a biyan kuɗin buga riguna da ita. Haka kuɗin da mai bayarwa ya ce na makarantar yara ne, ba a juya shi sai da izininsa. Ƙa'idar zaɓen yaran da za a taimaka a rubuta ta, in ɗan wata shugaba na cikin masu nema ta fita daga ɗakin. Hotunan yara kuwa, dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta izinin iyaye, kuma bai kamata a ce sai an ɗauki hoton yaro yana kuka za a taimake shi ba.

Duk wata a sa bayanin banki a zauren ƙungiya, wanda banki ya buga, ba wanda aka rubuta da hannu ba. Duk shekara akanta mai rajista da ƙungiyar akantoci ta ICAN ko ANAN, wanda ba ɗan ƙungiya ba, ya binciki littattafai, a kai rahoto CAC tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba. Dokar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAMA ta 2020 ta ce a adana takardun lissafi shekara 6, kuma ba a rarraba kuɗin ƙungiya ga amintattu, sai dai a mayar musu abin da suka kashe da rasit. In kuna da ma'aikata masu albashi, harajinsu na zuwa LIRS, hukumar haraji ta jihar Legas.

A taro na gaba ki kawo maganar a matsayin shawara, ki samu iyaye 2 ko 3 su mara miki baya, ku nemi bayanin banki na wata 6 da suka wuce da ranar da za a fara rajista. In an ƙi, ki dakatar da turawa asusun nan, ki riƙa biyan kuɗin zaman yaro kai tsaye ga cibiyar da ke duba shi har a gyara.