Bagobiri ne kai ko Bazamfare?

Malam, ka ce babanka Bagobiri ne, mahaifiyarka Bazamfara 'yar Anka, to kai wane ne? Bagobiri ne kai. A wajenmu ta uba ake lissafa asali: sunansa kake ɗauka, zanen gidansu wanzami ke yi maka, gadon sarauta ma ta nan yake bi. Ba ko'ina haka take ba fa, Ashantawan Gana ta uwa suke bi, har kujerar sarkinsu.

Amma kada ka yar da dangin uwa. Ƙanwata a gidan kawu ta tashi a Gusau, shi ya yi mata gado da kwanuka. Ranar ɗaurin aure kuwa sai da liman ya jira baffanmu ya iso daga Shinkafi, don shi ne waliyyi.