An ɗaure ƙofar baya da sarƙa, wai siminti ba ya cin wuta

Tambaya: Injiniya, na kama hayar biro a hawa na huɗu na wani babban bene a tsakiyar Maraɗi, mai zauren taro a ƙasa. Ƙofar matakalar baya kullum a ɗaure take da sarƙa saboda ɓarayi, mai ginin kuma ya ce siminti ba ya cin wuta. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, kana da gaskiya. Wannan magana na ji ta har na gaji, daga bakin masu benaye da kuma magina da suka naɗa wa kansu rawanin injiniya. Wa ya ce bango ne ke kamawa? Abin da ke kamawa shi ne labule, da kujerun soso na zauren taro, da takardu, da wayoyin kuran da ake ɗora wa na'urorin sanyaya ɗaki fiye da ƙarfinsu a lokacin bazara. Soso idan ya kama baƙin hayaƙi mai guba yake fitarwa, hayaƙi kuwa sama yake bi, sai ramin matakala ya zame masa hanya, ya riske ka a hawa na huɗu tun wutar tana ƙasa. A gobarar otel ɗin MGM Grand da ke Las Vegas a 1980, mutum 85 suka mutu, akasarinsu a saman bene, kuma hayaƙi ne ya kashe su. Shi kansa rodin da ke cikin siminti yana rasa kusan rabin ƙarfinsa idan zafi ya kai digiri 600.

Sarƙar ta fi tayar mini da hankali. A 1911 ma'aikata 146 suka hallaka a wata masana'antar ɗinki a New York, inda aka kulle musu ƙofa don tsoron sata. Za a ce maka makulli yana hannun maigadi. To, idan wutar ta tashi yana masallaci fa?

Akwai ƙofa mai ƙarfen turawa, wadda ke buɗewa daga ciki kaɗai, ɓarawo ba ya shiga, mutane kuma suna fita. Ku haɗu da sauran ƴan haya ku neme ta a rubuce wurin mai ginin, ku kai kwafi wa ƴan kwana-kwana, masu lambar waya 18. Kafin nan, gobe da safe ka bi matakalar da ƙafarka har ƙasa, domin sau da yawa karyayyun kujeru nake tararwa an jibge a cikinta.