Jaririna ya hana ni barcin dare, yaya zan yi?

Tambaya: Likita, haihuwar fari ce na yi, yau sati uku. Da rana yaron sai barci, dare na yi kuma ido biyu. Rabona da barcin kirki tun ranar da na sauka, har na fara mantuwa, abu kaɗan sai hawaye. Kowa cewa yake in kwanta idan ya kwanta, amma abin ya ƙi yiwuwa. Ko da wata dabara?

Amsa: Barka da arziki, 'yar'uwa, Allah Ya raya. Abin da yaronki yake yi shi ne abin da 'yan sati uku suke yi. Sabon jariri yakan yi barcin awa 14 zuwa 17 a kwana guda, sai dai a gutsure. Cikinsa ƙarami ne, nono kuma ba ya jimawa a ciki, shi ya sa yake neman mama sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Agogon jikinsa mai bambance dare da rana ma bai fara aiki sosai ba, sai wajen wata biyu zuwa uku yake soma daidaita. Don haka a yanzu ba shi za a gyara ba, barcinki za mu nema wa mafita.

Ki daina lissafin awa nawa kika samu gaba ɗaya, ki nemi barci a dunƙule. Barcin babba zagaye yake yi, kowane zagaye kusan minti 90, kuma mai nauyin da ke wartsakar da jiki ya fi yawa a awannin farko. Wadda ake tasa duk bayan minti arba'in, ko ta daɗe a kwance, da gajiya za ta wayi gari. Abin da nake so ki samu shi ne awa huɗu a jere, sau ɗaya a kwana, wanda babu mai taɓa ki.

Wannan ba ya samuwa sai da hannu na biyu. Misalin ƙarfe takwas na dare ki ba shi mama ya ƙoshi, ki miƙa shi ga maigida ko wani babba da kika yarda da shi, ki shige wani ɗaki ki ja ƙofa, wayar ma ki bar ta a waje. In ya nemi abinci kafin sha biyu, a ba shi nonon da kika tatsa, ko a kawo miki shi ya sha, a ɗauke shi. Sa shi gyatsa, canjin ƙunzugu da rarrashi duk na mai tsaron ne. Iyaye maza kan ce da safe za su fita aiki. Gaskiya ne, amma wanda ya kwanta sha biyu ya tashi shida ya samu awa shida, ita kuwa mai jego aikinta ba shi da lokacin tashi.

Akwai kuma tashin da ba na dole ba. Kusan rabin barcin jariri marar nauyi ne: za ki ji yana gurnani, yana mutsu-mutsu, yana tsotsar leɓe, ƙwayar idonsa na yawo a ƙarƙashin fata, wani lokaci har ya saki ɗan kuka, alhali barci yake. Uwa ta yi wuf ta ɗauke shi, sai ya zama ita ta tashe shi. Ki dakata minti ɗaya ko biyu ki gani. Mai jin yunwa zai buɗe ido, ya riƙa juya kai yana neman mama. Idan ya riga ya mayar da nauyin haihuwarsa kuma yana ƙaruwa, galibi ba sai kin tashe shi shan nono ba. Bakwaini da marar nauyi kuwa, a bi abin da likitansu ya tsara.

Da rana ki buɗe labule, a yi hidimar gida yadda aka saba. Da dare fitila ƙasa-ƙasa, babu wasa, babu hira. Batun "kwanta idan ya kwanta" rabin gaskiya ne, domin ba kowane barcinsa za ki iya bi ba. Zaɓi guda ɗaya a yini, ko na minti 30 ne, wanki da baƙi su jira. Kofi da shayi mai ƙarfi kuma ki bar su daga tsakar rana.

Inda na fi jin tsoro shi ne gyangyaɗi a kan kujera ko kushin da jariri a hannu, domin yana iya zamewa fuskarsa ta toshe. In kin ji barci na fizgarki, gara ki shayar a kan gado bayan kin janye matashi da bargo daga kusa da shi, da kin farka ki mayar da shi gadonsa. A kwantar da shi rigingine, a shimfiɗa mai tauri, kuma ya riƙa kwana cikin ɗakin da kike kwana har ya kai aƙalla wata shida. Kada ki sha maganin barci ba da sanin likita ba, shi kuma kada a ba shi komai don ya yi barci.

Hawayen da kika ambata ban wuce shi ba. Saurin kuka a sati biyun farko abu ne da mata da yawa ke yi, yakan wuce da kansa. Ke kin shiga na uku. In ya ci gaba, ko kika ga yaro na barci a hannun wani amma ke idonki ya ƙi rufuwa, ko abinci ya fita ranki, ki je asibiti a duba ki, har da gwajin ƙarancin jini. Ciwon damuwa na bayan haihuwa yana da magani. Idan tunanin cutar da kanki ko yaron ya zo miki, a ranar za ki je. Haka shi ma, in zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, ko ya ƙi kama mama, ko ya yi wuyar tashi daga barci, kada a jira gari ya waye.