Don me muka bar jakunkuna alhali da sauran wuri a jirgi?

Ɗana, jiya da muka tashi aiki ka biyo ni har inda nake shiga motar Nima kana tambaya, gajiya ta hana ni ba ka amsa yadda ya kamata. Ka ce: "Maigida, na leƙa rumbun kaya na ga da sauran wuri, cikin jirgin ma kujera shida ba kowa. To don me aka ce mu sauke jakunkuna tara daga jirgin Tamale? An ce har wata Hajiya ta yi kuka a can da ba ta ga kayan bikin 'yarta ba." Na ji daɗin tambayar, kuma na ji daɗi da kukan baiwar Allahn nan ya dame ka. Ni ma ya dame ni.

Kai wuri idonka ya gani, shi kuwa jirgi nauyi yake ji. Kowane jirgi da iyakar da maƙeransa suka yanka masa. Wannan mai farfela da muke wa lodi a filin jirgin saman Accra, Dash 8 Q400, iyakarsa a lokacin tashi kilo 29,000 ne da 'yan kai. ATR 72-600 kuwa kilo 23,000. A cikin wannan adadi komai yake: gangar jikin jirgin, mai, ma'aikata, fasinja, ruwan sha, kaya. Idan ɗaya ya ƙaru, dole wani ya ragu.

Jiya mai ne ya ƙaru. Ka ga yadda hazon hunturu ya sauko. Idan kyaftin ya isa Tamale bai ga titin sauka ba, sai ya yi ta kewaya a sama yana jira, in abin ya ƙi ya juya Kumasi ko ya dawo Accra, kuma doka ta ce ko bayan haka sai ya rage man rabin awa a tanki. Man jirgi lita 1,000 kusan kilo 800 ne. To yi lissafi da kanka: in ya ƙara kilo 500 na mai, ya cinye wurin jaka 25 masu kilo 20. Kujera shidan da ka gani babu kowa su suka cece mu, da ba tara kaɗai za mu sauke ba.

Akwai kuma zafi. Iska in ta yi zafi sai ta yi sako-sako, fiffike bai samun abin riƙewa sosai, inji ma ƙarfinsa ya ragu. Shi ya sa jirgin da ya kwashi kaya cif da asuba ba lalle ya iya kwasar su da azahar ba a Tamale cikin watan Maris. Kuma lissafin da ake yi, ana yin sa ne a kan cewa inji ɗaya ya mutu daidai lokacin tashi, ɗayan ya ɗaga jirgin shi kaɗai.

Amma abin da ya fi shafar hannunka shi ne inda ka ajiye kaya. Ka san amalanke mai ƙafa biyu: in aka jibga buhunan albasa a can ƙarshensa nesa da hannu, hannun sai ya ɗaga sama har ya nemi ɗauke mai turawa. Haka jirgi yake a kan fikafikansa. Waɗannan masu farfela dogaye ne sirara, kuma babban rumbun Q400 can baya yake kusa da wutsiya, don haka kilo 100 a can ya fi kilo 100 a tsakiya tasiri nesa ba kusa ba. In ka taɓa ganin ATR 72 a tsaye, za ka ga sandar da ake rataya masa a ƙarƙashin wutsiya lokacin da fasinja ke shiga ta ƙofar baya, don kada ya zauna a kan gindinsa. Wannan a ƙasa ke nan. A sama, in baya ya yi nauyi, hanci ya ɗaga fiye da kima, matuƙi ya tura ya ƙi sauka.

Haka ta faru a birnin Charlotte na Amurka ranar 8 ga Janairu 2003. Ƙaramin jirgi ne, Beechcraft 1900D. Nauyinsa ya wuce iyaka, ya kuma taru a baya, ga kuskuren da aka yi wajen gyaran wayoyin da ke sarrafa wutsiya. Yana tashi hanci ya miƙe sama, ya faɗo, mutum 21 suka rasu. A takarda lissafin ya yi daidai, domin an yi amfani da tsohon ƙiyasin nauyin fasinja da jaka, alhali mutane da kayansu sun fi haka nauyi. Bayan nan hukumar jiragen Amurka ta ɗaga ƙiyasin.

Ni ma na taɓa yin abin da har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. Ina sabon shiga, a wani kamfani da na fara aiki, takarda ta ce wasu kwalaye su shiga rumbun gaba. Ruwa na sauka, amalanken kaya na kusa da ƙofar baya, sai na zuba su nan ban gaya wa kowa ba. Da jirgin ya dawo daga Kumasi, kyaftin ya sauko ya nemi wanda ya yi lodi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce hancin jirgin ya ɗaga da kansa kafin ya ja shi, ya nuna mini takardar lodi da sa hannunsa a kai, ya ce: "Abin da ka ce ka yi, a kansa na saita jirgin nan." Ranar ban iya cin abinci ba.

Don haka in takarda ta ce jaka 40 a baya, ka ƙirga 40 da bakinka. Masu nauyi a ƙasa, masu taushi a sama, ka ɗaure raga tam, domin kayan da suka zame lokacin tashi baya suke gangarawa. In jaka ta zo a makare, ko ka ɗaga wata ka ji ta fi abin da aka rubuta mata, kamar buhunan atamfar kasuwar Makola da ake dannewa har su yi kamar dutse, kada ka cusa ta ka yi shiru. Ka kira mai lissafin lodi ya gyara takarda kafin a rufe ƙofa, ko da direban motar kaya na yi maka hon.

Jakunkunan Hajiya kuwa, na sa an ware su da alama, su za mu fara ɗorawa a jirgin farko. Gobe ka iso da ƙarfe biyar, ka zo da biro. Zan kai ka ofishin lissafi ka zauna kusa da mai yin takardar, ka ga inda kowace jakar da ka ɗaga take shiga.