Kawu ya ce in biya kuɗin ɗakin da ban gani ba

Wani ɗalibi da ya je karatun digiri na biyu a Manchesta ya rubuto mini. Mako uku ke nan yana kwana a falon abokinsa, jakunkunansa a bayan kujera. Wani dillali ɗan ƙasarmu da ya haɗu da shi a zauren WhatsApp ya turo masa hotunan ɗaki a kan fam 500 a wata, ya ce ya tura fam 1,500 yau-yau, domin mai gidan ya yi tafiya kuma mutane na layi. Da ya yi jinkiri, sai kawunsa ya bugo daga Kano yana faɗa: dillalin ɗan amininsa ne, kada ya kunyata shi.

Ƙanena, kada ka tura ko sisi.

Wannan cinikin biri a sama ne. Na ga irinsa ya fi a ƙirga, kuma labarin ba ya canzawa: hotuna masu kyau da aka kwaso daga shafukan tallan gidajen haya na intanet irin su Rightmove ko SpareRoom, mai gida kullum ya yi tafiya, kullum akwai wani da zai biya gobe. Akwai wata baiwar Allah da ta sauko daga tasi da akwatuna biyu cikin ruwan sama, ta ƙwanƙwasa ƙofar da ta biya wa kuɗi, wata tsohuwar Baturiya ta leƙo ta ce ita ce ta uku da ta zo a wannan makon. Lambar dillalin kuwa tuni ta daina shiga.

Ko da ɗakin na gaske ne, lissafin bai hau ba. Dokar 2019 a Ingila ta ce kafin alƙalami ba zai wuce kuɗin hayar mako ɗaya ba, kuɗin ajiya kuma ba zai wuce na mako biyar ba. Wajibi ne mai gida ya sa kuɗin ajiyar a ɗaya daga cikin asusai uku da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, ya ba ka shaida. Kuɗin dillanci da muka saba biya a gida, a can doka ta hana a karɓe shi daga ɗan haya. Sannan ka lura: dillalin ya tambaye ka lambar da hukumar Birtaniya ke ba baƙo don shaidar yana da izinin kama haya? Mai gidan gaskiya da ita yake farawa, don tara ce a kansa idan bai duba ba. Wanda ya fara da lambar asusun banki, ka san abin da ya kawo shi.

Wani tarkon kuma shi ne gidan ƙaramar hukuma da wani ya samu yake ba da hayarsa a ɓoye. Laifi ne, kuma ranar da aka gano, kai ne a titi ba takarda ko ɗaya da sunanka.

Yanzu maganar kawu. Ina girmama shi, amma a nan bai yi maka adalci ba. Ya san uban yaron, bai san abin da yaron ya zama a Turai ba. Idan kuɗin nan ya salwanta, kawu zai ce a yi haƙuri, ƙaddara ce, a rufa asiri saboda zumunci. Kai ne za ka yi watanni kana aikin awa 20 a mako da bizarka ta yarda maka kana cike gurbin. Iyayenmu na gida su ji tsoron Allah wajen tsaya wa mutumin da rabonsu da shi tun yana firamare.

Gobe ka je ofishin masauki na jami'arku, suna da jerin masu gidajen da suka tantance, kuma sun saba da ɗaliban da ba su da mai tsaya musu. Ka kuma yi wa limamin masallacin unguwarku magana bayan Juma'a. Ka roƙi abokinka mako biyu, ka riƙa sa hannu a cefane da kuɗin wuta.

Kawu kuwa, kada ka yi musu da shi. Ka ce: "Kawu, na gode. A gaya masa ya zo ya buɗe mini ƙofar da makulli, in ga takardar haya, nan take zan biya."