Wai kunnena ne a toshe?

Tambaya: Anti, ni fa kiɗan gargajiya kawai nake ji, kalangu da kuntigi da kotso. Ƙanena kuwa in ya saki hip-hop ɗinsa a falo sai kaina ya hau sarawa, shi ne yake ce min wai kunnena a toshe yake, ban waye ba. Haka ne? Daga wata mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Ƙanwata, son kalangu ai ba laifi ba ne, Shata ya rasu tun 1999 amma har gobe in ka shiga adaidaita sahu a Kano sai ka ji direba ya ƙure muryarsa yana kaɗa kai. Inda za a ce kunnenki ya toshe shi ne in ba ki taɓa zama kin ji ko ɗaya daga waƙoƙin ƙanen naki har ƙarshe ba amma kina ce musu hayaniya. Shi ma gogan naki, tambaye shi ko ya san bambancin kotso da taushi, na san zai yi zuru.

Ki je kasuwar waya ta Farm Centre a tura miki waƙoƙin hip-hop guda biyar a waya, ki ji su kina wanke-wanke. In ba su shige ki ba ki goge abinki.