Tambayoyin masu karatu: Shin haraji da dokoki ne ke danne sana'ar fasaha?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shago kusa da babbar kasuwar Maraɗi, inda muke rubuta wa 'yan kasuwa manhajar lissafin kaya, muna kuma haɗa musu intanet. Abokan sana'ata suna cewa da gwamnati za ta janye hannunta daga harkarmu, ta sauke mana lanho da dokoki, da mun yi nisa. Shin gaskiya suka faɗa? Daga mai karatu a unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ban yarda gwamnati ta janye hannunta ba, domin sana'arku a kan doka take tsaye. Hukumar kula da harkokin sadarwa ta ƙasa, wato ARCEP, ita ce ke raba wa kamfanonin waya zangon da suke aiki a kai, ita ce kuma ke iya tuhumarsu idan layi ya lalace, kamar yadda BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ke sa ido kan kuɗin da jama'a ke ajiyewa a cikin waya. Idan babu waɗannan, wane ɗan kasuwa ne zai yarda ya zuba cinikinsa a salula?

Inda abokanka suke da hujja shi ne wurin da ake ɗora harajin. Haraji kan ribar kamfani daidai ne, amma wanda ake yanka a kan kowane aiken kuɗi ta waya ko kowace shiga intanet, talaka yake fara cizo, kuma yana mayar da mutane ga tsabar kuɗi, wadda ma'aikatar haraji ba ta iya bin sawunta. Ghana ta sanya kashi 1.5 cikin ɗari kan aiken kuɗi ta waya a 2022, ta rage shi zuwa kashi 1 a 2023, sannan ta soke shi a 2025. Yuganda ma ta ɗora shilin 200 a kowace rana kan masu shiga Facebook da WhatsApp a 2018, jama'a suka koma zagayawa ta VPN, manhajar da ke ɓoye inda mutum ya shiga a intanet, aka janye shi a 2021. Mu da muke biyan TVA, harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya da ayyuka, na kashi 19 cikin ɗari, ya kamata mu yi nazarin waɗannan misalai da kyau.

Abin da ya fi tsoratar da mai zuba jari kuwa shi ne rashin tabbas. A ƙarshen 2018 ma'aikatar haraji ta rufe ofisoshin kamfanonin waya na Orange da Airtel a Yamai saboda saɓani kan kuɗin da take bin su, kuma a 2019 Orange ya sayar da reshensa na Nijar, wanda ya zama Zamani Telecom. Gwamnati tana da haƙƙin neman kuɗinta, sai dai rikicin da ya kai ga garƙame ƙofa ya nuna cewa tun farko ɓangarorin biyu ba su fahimci dokar iri ɗaya ba.

Shawarata ita ce ka karɓi lambar NIF, wato lambar shaidar mai biyan haraji, ka riƙa ba da takardar shaidar ciniki, domin sai da su za ka iya neman aikin gwamnati ko na manyan kamfanoni. Sannan ku haɗa kai ku kai kukanku majalisar 'yan kasuwa ta jihar Maraɗi, ku nemi a sauƙaƙa biyan haraji ta waya, a kuma riƙa tuntuɓarku kafin a tsara dokar kasafin kuɗin kowace shekara.